Wasiƙa daga Paris: Mutuwa a cikin Rolls-Royce

Zuwa ga 'yan uwa na Karaye da Rogo.

Sanyin Paris ya kan kora mutum ƙarƙashin rufi tun kafin magariba, kuma mai wannan wasiƙa ya sami mafaka a Le Champo, wani ƙaramin gidan silima da ke titin Écoles tun 1938. Tsofaffin finafinai ake nunawa a can, amma sai ka ga ɗalibai da dattawa sun ja layi a waje, kowa ya naɗe wuya da mayafi.

Fim ɗin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Orphée, wanda Jean Cocteau ya fitar a 1950. Tushensa tatsuniyar Girkawa ce: mawaƙi Orfiyus, wanda maciji ya sari matarsa Yuridis ta mutu. Ya bi ta har lahira, ya kaɗa molonsa zukata suka yi laushi, aka ba shi ita da sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fito. Ya waiwaya.

Cocteau ya tuɓe wa labarin tsohuwar rigarsa, ya sa masa ta zamani. Mutuwa mace ce mai kwarjini, María Casares ce ta fito a matsayinta, tana yawo a baƙar Rolls-Royce, 'yan rakiyarta bisa babura. Madubi ne ƙofar lahira. Don a nuna hannu yana ratsa gilashi, sai aka cika mazubi da zaiba, aka tsoma hannu sanye da safar roba, fuskar madubin ta yi ta rawa. A nan ma kallo ɗaya ya raba miji da mata, ta madubin mota.

Wasu sun bi sahu. Marcel Camus ya kai labarin bikin Rio, fim ɗinsa Orfeu Negro ya ci babbar kyautar Cannes a 1959. A 1963 Jean-Luc Godard ya saƙa Le Mépris a kan wata tatsuniyar Girkawan, wato tafiyar Odisiyus, aure yana rushewa a tsibirin Capri.

Babu mai bauta wa gumakan Girka a cikin masu kallon nan. Kishi da kewa da tsoron rabuwa suke zuwa gani.

Abin da ya hana mai wasiƙar barci shi ne tunanin gida. Kowane yaron Rogo ya san Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Kannywood ta taɓa gwada tatsuniyar Daskin-da-Riɗi, jama'a suka karɓa hannu bibbiyu, sannan aka bar rijiyar da ruwanta. Da zai sami kyamara, bakin dam ɗin Challawa zai nufa da asuba, lokacin da ruwa ke kwance kamar madubi, masunta na kwance kwalekwale, wata tsohuwa kuma ta soma ba shi labarin 'yan ruwa.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.