Ƙauyen Da Masu Ɗaukar Hoto Suka Hana Wa Sakat

A yammacin Ingila akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Baibari, mutanensa ba su kai 700 ba. Abin da ya fito da sunansa shi ne wani jerin gidajen dutse da aka gina wajen 1380 don ajiye ulu, daga baya masaƙa suka zauna ciki.

To, kyan nan shi ya jawo musu wahala. Da bazara baƙi kan yi dafifi, manyan motoci su toshe 'yar hanyar ƙauyen. Kowa da kyamara, kowa kuwa so yake hotonsa ya fito ba mutum ba mota. Laifi tudu ne: mai ƙorafin cunkoso ya manta shi ma cunkoson ne.

A 2015 wasu suka yi ta gunaguni wai motar wani dattijo, rawaya, da ke ajiye a ƙofar gidansa tana ɓata musu hoto. A 2017 aka farfasa mata gilashi.

Watau an fifita hoto bisa mai gida ke nan. Alhali kuwa mazauna ne ke share ƙofar, su gyara rufin. Ranar da suka gaji suka tashi, kango kaɗai za a ɗauka.