Gardamar Harsashi A Bakin Binuwai

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a sansanin farauta a dazukan kudu da Garwa ya san hirar da baƙi ke yi in an gama cin abincin dare. Ba ta wuce gardamar harsashi. Mu da muka yi ƙuruciyarmu muna bin sawu da ɗaukar bindiga a kewayen gandun Binuwai da Faro da Buba Njida, mun ji ta har mun haddace, ko da yake ba a cika tambayarmu ba. To yau ga namu ra'ayin.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ba'amurke zai yabi 30-06 na shekarar 1906, kuma ba laifi, ya ishi mariya da kanki da gwanki. Tsohon Bature ɗan Ingila zai tuna da 303, na bindigar soja mai cin goma. Amma da an ambaci ɓauna sai magana ta koma kan biyu: 375 da 9.3x62.

Shi 375 kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da shi a 1912. Kansa na da nauyin giram 19 da 'yan kai, yana fita da gudun mita 770 ko kusa da haka a daƙiƙa. Ba dabbar da ke dajin nan da ba zai kayar ba, kuma a ƙasashen Afirka da dama shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari manyan namun daji da shi. Shi kuwa 9.3x62 wani maƙerin bindiga na Barlin, Otto Bock, ya ƙera shi a 1905, domin Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka su sami harsashi mai ƙarfi wanda zai shiga bindigar Mauser ta yau da kullum, mai araha. A lokacin Kamaru na hannunsu, shekara huɗu ke nan da suka ci Garwa. Kansa giram 18 da rabi ne, gudunsa wajen mita 720. A takarda ƙanen 375 ne. A kafaɗa kuwa, nan ne bambancin yake, don bai kai shi naushi ba.

Mun daɗe muna kallon fuskar mai harbi a daidai lokacin da zai ja kunama, tunda mu ke tsaye a gefensa. Wanda bindigarsa ta taɓa ba shi kashi yakan runtse ido kafin ta tashi, bai ma san ya yi ba. Bakin bindiga ya ɗan sunkuya, harsashin da aka nufi bayan kafaɗa da shi sai ya sauka a tumbi. Shi baƙo ya yi harbinsa. Sauran aikin namu ne.

Wani rani an kawo mana baƙo da 458, irin wanda Winchester ta fitar a 1956, mai kai giram 32. Sabuwa fil, ko ƙura ba ta sani ba. Tun ranar gwaji yayanmu, Allah Ya jiƙansa, ya ce mana a hankali: "Ƙannena, mutumin nan tsoron bindigarsa yake yi." Kwana uku bayan haka ya harbi tsohon ɓauna a ciki. Muka bi jini cikin gamba wadda ta fi tsayin mutum, tun hantsi har azahar. Ɓauna mai rauni kuwa ba gudu kaɗai ya sani ba, yakan zagayo ya laɓe a gefen sawunsa ya jira. Yaya ne a gaba, shi ya samu a cinya. Shugaban farauta ya ƙarasa shi da 375 a tazarar taki biyar. Baƙo ya tafi da ƙaho, ya bar tukuici mai kauri, yaya kuwa da sanda ya ƙare rayuwarsa.

In an zo nan a gardama, dole wani ya kawo sunan Bell, ɗan Sikotilan ɗin nan da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwa fiye da 1,000, wajen 800 daga ciki da ɗan ƙaramin 7x57 mai kai giram 11. Gaskiya ne. Sai dai shi ya yi ta fasa ƙoƙon kan giwa yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take, kuma zamaninsa giwa ba ta da mai ƙirga ta. Mu ma in alfahari ne muna da namu: kakanninmu maharba da sango suke harbin giwa, mashi mai dafi da ake ɗurawa a bakin adaka, a ɗana da albarushi, a matso kusa har ana jin kukan cikinta. Amma ba wanda zai ba ɗansa shawarar ya gwada.

Saboda haka in aka ce mu zaɓa, 9.3 muke so mu gani a hannun baƙon da ba mu sani ba, in doka ta yarda, domin mafi yawan mutane na iya harba shi ido buɗe. A hannun shugaban farauta, wanda ya saba, 375 ko abin da ya fi shi, don in ɓauna ya taso ba a neman ladabi. Wasu abokan aikinmu ba su yarda da mu ba, sun ce ƙarfi bai taɓa yin yawa ba, har yanzu in mun haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure sai mun taɓa. Ɗayansu yana da kwanson 375 da aka harba ranar nan, ya huda shi ya rataya makullin ɗakinsa a jiki.