Romon ƙashi a birnin Hanoyi

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da bulaguro ya kai Hanoyi, babban birnin ƙasar Biyetnam, yakan sauka a filin jirgin saman Noyi Bayi, mota ta ɗauke shi tafiyar kamar kilomita 30 zuwa masauki. Da yawa daga cikin irin waɗannan baƙi, daga ɗakin otal sai zauren taro ko wurin ciniki, abincinsu burodi da ƙwai da shayi har ranar komawa gida. Wanda ya yi haka ya taka ƙasar amma bai gan ta ba, domin kuwa mutanen Hanoyi a bakin titi suke karya kumallo, bisa ƴan kujerun roba waɗanda tsayinsu bai kai gwiwa ba, kowa da kwanonsa na wani romo mai taliya da suke kira fo. A rubuce pho ne, a baki kuwa yana kusa da kalmar feu ta Faransanci.

Inda ya fi dacewa baƙo ya neme shi shi ne tsohon gari, arewa da tafkin Howan Kiyem, unguwar da ake yi wa laƙabi da mai tituna 36, kowane titi da sunan hajjar da aka san shi da ita tun zamanin da: na azurfa, na takarda, na mataji. Gidajen fo na wannan unguwa ƙanana ne, faɗinsu taku huɗu ko biyar, amma sun zurfafa ciki kamar dogon zaure. A bakin ƙofa ake girka tukunya, nama yana rataye kusa da ita, domin mai wucewa ya ga abin da zai ci. A titin Bat Dan akwai gidan da tun sassafe jama'a ke yin layi, mai kwat da lebura ɗaya bayan ɗaya, kowa ya biya tukuna, ya ɗauki kwanonsa da hannunsa, ya nemi gurbin zama. Ba a kawo wa kowa doguwar takardar zaɓen abinci, domin abu guda ake sayarwa.

Kalmomi kaɗan sun ishi matafiyi. Bo shi ne naman sa, ga kuwa kaza. In ya ce tai, za a yanka masa ɗanyen nama siriri kamar takarda, zafin romon ne zai dafa shi cikin kwano. In ya ce cin, wanda suke rubutawa chin, za a ba shi naman da ya nuna tun cikin tukunya. Mai sayarwa za ta tsoma taliyar shinkafa, fara mai faɗi, cikin tafasasshen ruwa, ta juye a kwano, ta jera nama, ta barbaɗa ganyen albasa, ta kwarara ludayi biyu na romo. Aikin duka bai kai minti guda ba. A bisa tebur akwai lemun tsami, da yankakken barkono, da tafarnuwa jiƙaƙƙiya, da wani soyayyen ƙullin fulawa mai kama da fanke amma dogo, wanda ake tsomawa cikin romon. Su ƴan gari tsinke biyu suke riƙewa a dama, cokali a hagu. Wanda bai saba ba, ko wanda ba ya son kai hagu baki, ya nemi cokali mai yatsu ya ci da damarsa, babu wanda zai dube shi. Kuɗin kwano yakan kama dong 50.000 ko kusa da haka, wato jika guda da ƴan kai a kuɗin sefa.

Saurin zubawar nan kada ya ruɗi mutum, aikin dare guda ne ke bayansa. Ƙasusuwan sa masu ɓargo ake wankewa, a ba su tafasa ɗaya a zubar da ruwan, sa'an nan a mai da su bisa wuta marar ƙarfi sa'o'i masu yawa, ana kwashe kumfa a kai a kai, domin romon da ya yi duhu ko ya gurɓace abin kunya ne ga mai shi. Ana gasa albasa da citta har bayansu ya ƙone kafin a jefa su, a ƙara kirfa da wani ɗan itace mai siffar tauraro. Sai kuma nuwok-mam, ruwan ƙananan kifayen teku da aka jera da gishiri cikin ganga aka bari wata da watanni. Matsayinsa a girkinsu shi ne matsayin daddawa a miyar Hausa: warinsa kan kori baƙo, rashinsa kan kashe tukunya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A Hanoyi ƙashi aka dafa, aka kuma sha.

Wannan abinci bai daɗe a duniya ba, bai fi shekara ɗari da ƴan kai ba, kuma mulkin mallaka ne ya haife shi ba da niyya ba. Kafin zuwan Turawan Faransa, shanu da ɓaunar gida dabbobin huɗa ne a wannan ƙasa, ba safai ake yanka su ba. Kifi da kaza da alade ne cimar jama'a. Da Hanoyi ta zama hedkwatar Indoshin a 1902, masu mulki suka buƙaci naman sa, mahauta suka shiga yanka. Tsoka ta tafi gidajen Turawa, ƙashi da ragowar nama suka faɗo hannun masu talla a kan araha. Su kuwa suka haɗa su da taliyar shinkafa irin wadda Sinawa ke sayarwa, suka riƙa yawo da sanda a kafaɗa kamar ƴan ga-ruwa, tukunya a gefe guda, kwanoni a ɗayan. Masu sayensu na fari ƴan dako ne na bakin Jan Kogi, da leburorin masaƙar garin Nam Din, kamar kilomita 90 kudu da Hanoyi. Har yau masana na gardama a kan sunan: wasu sun ce daga pot-au-feu na Faransawa ya fito, wasu sun ce daga kalmar Sinawa ta taliyar shinkafa. Fo na kaza ma dokar hukuma ce ta yaɗa shi, lokacin da aka hana sayar da naman sa ranakun Litinin da Juma'a a 1939.

Yaƙi ne ya fid da shi daga arewa. Bayan faɗuwar sansanin Diyen Biyen Fu ranar 7 ga Mayu 1954, a yaƙin nan na Indoshin da Faransa ta kwashi sojojin Afirka ta Yamma ta kai, yarjejeniyar Janeba ta raba ƙasar biyu, mutane kusan miliyan guda suka yi ƙaura zuwa kudu da tukwanensu. A Saigon, wadda ake kira birnin Ho Shi Min tun 1976, romon ya ƙara zaƙi, aka riƙa kawo shi da faranti cike da ganyaye da tsiron wake, abin da ɗan Hanoyi ke kallo a matsayin ɓata girki. Bayan 1975 ƴan gudun hijira suka kai shi Amurka da Ostareliya da Faransa. Duk wanda ya san unguwa ta 13 a Paris ya ga gidajensa a titunan Choisy da Ivry. A gida kuwa, zamanin yaƙi da rabon abinci da tikiti, an sha fo babu nama ko yanka ɗaya, har mutanen Hanoyi suka yi masa ba'a da sunan fo marar matuƙi, suna kwatanta shi da jiragen leƙen asirin Amurka. Sai da aka sassauta wa kasuwa a 1986 gidajen iyali suka farfaɗo. A 2024 gwamnati ta sa fo na Hanoyi da na Nam Din cikin jerin kayan gadon ƙasa.

Akwai tambayar da Musulmi ba zai tsallake ba, kuma gara ya san amsarta kafin ya zauna. Ganin kalmar bo a allo bai wadatar ba. Naman da ke galibin waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne, wasu masu girki kuma kan haɗa ƙashin alade cikin tukunya domin rage tsada, abin da ido ba ya ganewa a romo. Alade a bakin ƴan arewa lon ne, a kudu heo. Matambayi ba ya ɓata: a titin Hang Luwok, ƴar tafiya kaɗan daga kasuwar Dong Suwan, akwai masallacin Al-Nur wanda ƴan kasuwar Indiya suka gina wajen 1890, kuma masallata sun san inda ake samun naman halal a birnin. A Ho Shi Min abin ya fi sauƙi, domin kewayen babban masallacin titin Dong Du da kusa da kasuwar Ben Tan akwai gidajen abinci na Musulmi, cikinsu har da na ƙabilar Cam, inda ake dafa fo da yankan da babu shakka a kansa.

Ɗan kasuwar da ya sha kwanonsa ya zauna lissafi zai ga cewa kayan da ke ciki ba su da tsada: ƙashi, shinkafa, albasa, citta, ruwa. Abin da ake biya shi ne daren da aka kwana ana kwashe kumfa, da sunan gidan da ya shekara arba'in ko hamsin bai sauya hannu ba. Mutumin ƙasar da ke kora shanunta da ƙafa zuwa kasuwannin maƙwabta ya san wannan lissafi tun a gida, domin ya san kuɗin ɗanyen nama a mahauta, ya kuma san kuɗinsa bayan ya ratsa hannun mai kilishi. Biyetnam ba ƙasar kiwo ba ce, har shanu da nama take sayowa daga waje, amma babu ƙashin da take bari ya tafi bola bai biya kuɗinsa ba.