Cinikin Biri a Sama

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama. Da wannan karin magana aka raine mu, da ita kuma muke auna hankalin ɗan kasuwa, domin a ganinmu wanda ya ba da abin da ke hannunsa saboda abin da bai gani ba ya yi wauta. Sai ga shi wani da ya tashi a Zariya, wato Masai Ujiri, ya yi suna a duniya da irin wannan ciniki, har ya sa mu da ke zaune a Mararaba muka shiga nazarin matsayinmu.

Bari mu fara da yadda kasuwar take. Gasar ƙwallon kwando ta NBA ƙungiyoyi 30 ne ke cikinta. Kowace shekara sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, zagaye biyu, kuma galibi waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓe. Gurbin zaɓen nan kadara ce, ana furfurensa da ɗan wasa kamar yadda ake furfuren dabba a kara. Sau da yawa yaron da za a ɗauka da gurbin yana makarantar sakandare, ba wanda ya san sunansa. To, ina biri a sama ya wuce wannan?

Dalilin cinikin kuwa shi ne benci. Mutum biyar ne kawai ke shiga fili daga kowane ɓangare, alhali wasa minti 48 ne, ga wasanni 82 a kaka guda, ga gajiya, ga rauni. Idan gwanaye suka fita shan iska, waɗanda ke zaune a benci su ke riƙe gida, ko su bari ya rushe.

An haifi Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, a nan kuma ya koyi wasan, a hannun irin su Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. A 2013 ya karɓi ragamar ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada. A watan Disamba na shekarar, ƙungiyar ta ci wasa 6 ta faɗi 12, sai ya ɗauki Rudy Gay, mai suna da tsadar albashi, ya miƙa wa Sacramento, ya karɓo mutum huɗu waɗanda ba wanda ke sayen tikiti dominsu. Mutane suka ce ya haƙura da kakar ke nan. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: da wasa 48 a hannu ƙungiyar ta kammala.

Bai tsaya nan ba. A 2015 ya sake furfuren ɗaya daga cikin huɗun nan, Greivis Vasquez, da gurabe biyu na Milwaukee. Na farko ya haifar da Norman Powell, wanda sai a lamba ta 46 aka kira sunansa; na biyu, bayan shekara biyu, ya kawo OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. A 2016 aka ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27, aka kuma tsinto Fred VanVleet wanda duk ƙungiyoyin suka tsallake.

A nan ne gizo ke saƙar, domin tsintar yara ba ita ce gwaninta ba. Toronto ta kafa ƙaramar ƙungiya mai suna Raptors 905 a 2015, inda take tura 'yan benci su yi wasa na gaske maimakon zaman ɗumama katako. Siakam da VanVleet sun bi ta nan, suka ci kofin ƙaramar gasar a 2017. A kakar 2017 zuwa 2018 bencin Toronto ya zama abin tsoro, ƙungiyar ta ci wasa 59. Ranar 13 ga Yuni, 2019, da ta doke Golden State ta ɗauki kofi, karo na farko da ya bar Amurka, Siakam ya riga ya shiga sahun biyar na farko, VanVleet kuwa daga benci ya taso ya zuba maki 22.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kafin kofin nan, a Yulin 2018, Ujiri ya haɗa DeMar DeRozan, wanda ya yi wa Toronto hidima shekara tara, da wani matashi da gurbin zaɓe, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green daga San Antonio. DeRozan bai ɓoye ɓacin ransa ba. Mu da sana'armu ita ce karanta zukatan mutane a cikin littattafai ba za mu iya yi wa wannan ciniki tafi da hannu biyu ba, don kuwa abin da aka ɗora a sikeli mutum ne mai gida da iyali. Shi ma Ujiri ƙungiyar ta rabu da shi a 2025. Dillali ya ɗanɗani halin kasuwarsa.

Yanzu mu dawo gida. Wasannin nan tsakar dare suke zuwa mana, kuma kafin a tashi, hanyar Keffi zuwa Abuja ta fara cika. Mararaba a Jihar Nasarawa take, amma guminta a Abuja yake zuba. Da asuba mukan bi ayari ta Nyanya tare da direbobi da magina da masinjoji da akawuna da malaman makaranta, mu riƙe wa birnin ofisoshinsa, da magariba ya mayar da mu. Sunayen da ake kira na Maitama da Asokoro ne. Idan Abuja fili ce, to mu ne bencinta, kuma ba mu jin kunyar faɗin haka.

Abin da ke damunmu shi ne wane irin benci ne. Akwai wanda rumbu ne, ana zuba masa ana jiran ranarsa. Akwai kuma wanda juji ne, inda ake jibge wanda ba a san yadda za a yi da shi ba. Matashin da ya gama digiri yana sayar da katin waya a bakin gada, da ƙaramin ma'aikacin da ya shekara goma ba a tura shi kwas ba, ba su rasa basira ba. Sun rasa mai cinikin biri a sama dominsu.

Wannan magana ta shafe mu a aji fiye da kowa. Ɗalibai biyar na sahun gaba su ke ɗaga hannu, su kowa ya sani. Amma marubucin da zai ɗauki adabin Hausa gobe wataƙila yana can layin baya, da littafinsa na rubutu da bai taɓa nuna wa kowa ba. Ba mu da gurbin zaɓe da za mu yi furfure, amma muna da lokaci, da jan biro, da shafukan mujalla irin wannan. Hakkinmu ne mu kira shi da sunansa, mu miƙa masa ƙwallo tun wasa bai ƙare ba.