Gidan Kusa da Gidan Nesa: Abin da Hanyoyin Abuja Suka Koya Mini

Duk matashin da Allah ya ba aiki a Abuja, tun kafin albashin farko ya shigo hannunsa, tambayar da ke hana shi barci ita ce inda zai zauna. 'Ya'yan abokaina da na 'yan'uwa sukan zo gaishe ni, bayan an sha ruwa an taɓa hira sai maganar ta fito: "Baba, na samu ɗaki ɗaya a Garki, amma da kuɗinsa zan kama ciki biyu da falo a Masaka. Wanne ka ga ya fi?" Nakan ce su gyara zama, domin ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. Na zauna cikin gari, na zauna bayan gari, na yi aikin gwamnati har na ajiye. Abin da na fahimta shi ne, mai neman gida kuɗin haya kawai yake dubawa, wani lokaci ya haɗa da kuɗin mota, amma da wuya ka ga wanda ya sa lokacinsa a cikin lissafi. Shi kuwa lokaci, ba a ba da rasit a kansa, kuma idan ya tafi ya tafi ke nan.

Ya kamata yaran yanzu su san yadda aka yi aka zo nan. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Babban dalilin barin Legas shi ne cunkoso da ƙarancin fili. Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a Abuja. Mu da muka zo a waɗancan shekarun mun tarar da gidajen gwamnati a Garki da Wuse. Ma'aikaci yakan taka da ƙafa zuwa ofis, ya dawo gida ya ci abincin rana, ya koma. Nyanya a lokacin matsugunin leburori ce da ƙananan ma'aikata. Daga baya, a 2003, gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida da na mota kuɗi a cikin albashi, aka kuma sayar da gidajen gwamnati. Mai hali ya saya, marar hali ya kwashe kayansa. A daidai wannan lokaci, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, aka yi rusau a unguwannin da aka ce sun saɓa wa taswirar gari. Jama'a suka yi ta gangarawa Mararaba da Ado da Masaka a Jihar Nasarawa, wasu suka nufi Madalla da Suleja a Jihar Neja. Ta haka aka wayi gari mafi yawan masu yi wa birnin hidima ba a cikinsa suke kwana ba, wasunsu ma ba a cikin yankinsa ba.

Manyan ƙofofi uku ne ke shigar da wannan jama'a kowace safiya. Akwai hanyar Keffi, wadda ke bi ta Mararaba da Nyanya da Kugbo ta ɓulle AYA a Asokoro. Akwai hanyar Kubwa, mai ɗauko mutanen Suleja da Zuba da Dei-Dei. Sai hanyar filin jirgi, mai kwaso na Gwagwalada da Kuje da Lugbe. Da safe kowa ya fuskanci gari, da yamma kowa ya juya masa baya, sai ka ga hannu ɗaya na titi ya cushe, ɗayan kuwa fayau. Daga Mararaba zuwa Sakatariyar Tarayya tafiyar ba ta wuce kilomita 20 ba. Ranar Lahadi kafin ka gama sauraron labarai a rediyo ka isa. Ranar Litinin, musamman idan an yi ruwa ko wata tirela ta lalace a gangaren Kugbo, awa biyu ba abin mamaki ba ne.

To, ga lissafin da nake sa yarana su yi a gabana. A ce mutum yana ɓata awa 2 zuwa, awa 2 dawowa. Awa 4 ke nan a yini, awa 20 a mako. Idan ya yi aiki mako 48 a shekara, ya zauna a mota awa 960, wato kwana 40 cur, dare da rana. Ma'aikacin gwamnati yakan yi shekara 35 kafin ritaya. Idan a haka ya ƙare aikinsa, ya bar kusan shekara 4 na rayuwarsa a kan kwalta. Da yawa idan suka ga wannan adadi sai su yi shiru.

Kuma waɗannan awoyi ba na banza ba ne, su ne mafi daraja a yinin magidanci. Lokacin da ya kamata ya tashi yara sallar asuba, ya ga wanda ya yi wanka da wanda ya ƙi cin kumallo, shi yana bakin titi yana kokawar shiga mota. Lokacin da ya kamata ya zauna a tsakar gida bayan magariba ya ji karatun islamiyya, ya duba littafin makaranta, shi yana cikin gosulo a ƙarƙashin gadar Nyanya. Na san magidanta da suke barin 'ya'yansu suna barci, su dawo su tarar da su suna barci, sai Asabar za a ga juna, ita ma Asabar ɗin gajiya ta cinye rabinta. Yaro ba ya jiran uba ya samu sukuni kafin ya girma. Wanda yake gani kullum, a layi ko a waya, shi zai zama malaminsa. Da azumi kuwa, na sha ganin mutane suna buɗe-baki da ruwan leda da dabino a cikin bas, alhali an shirya musu kunu da ƙosai a gida.

Nauyin ya fi yawa a kan mata ma'aikata. Malamar asibiti ko ta makaranta da ke zaune a Ado, sai ta dafa abinci da duhu, ta shirya yara, ta miƙa jinjiri ga maƙwabciya, sannan ta fita neman mota. Idan ta dawo da dare wani aikin ne ke jiranta. Duk mijin da zai zaɓi gida bai sa hanyar matarsa a lissafi ba, bai yi adalci ba.

Akwai kuma lafiya da tsaro. Zama wuri ɗaya cikin zafi da hayaƙi, ga fargabar makara, ga ƙarancin barci, shekara da shekaru, ba ya barin jiki haka nan. Abokan aikina da dama da ciwon baya da hawan jini suka yi ritaya. Mai fita da duhu ya dawo da duhu shi ne kuma ya fi faɗawa hannun 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. Ba na kuma mantawa da safiyar 14 ga Afrilu, 2014, da bam ya tashi a tashar Nyanya ya hallaka mutum fiye da 70. Waɗanda suka rasu masu sammako ne, talakawa da ƙananan ma'aikata da suka fito neman halal. Allah ya jiƙansu.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi zaman cikin gari ya fi ta kowace fuska. Shi ma da nasa ciwon. Mai gida zai nemi kuɗin shekara a dunƙule, wani ma na shekara biyu, ga na dillali ga na lauya. Abin da ƙaramin ma'aikaci zai iya kamawa a Wuse ko Garki bai wuce boskwata ba, ɗakin da ba zai ɗauki iyali ba. Sai a bar matar da yara a Kano ko Zariya ko Katsina, maigida ya zama baƙon ƙarshen mako a gidansa, yana sintiri a hanyar Kaduna. Wannan ma ai zirga-zirga ce, sai dai ta mako-mako. Wasu sukan raɓa a unguwanni irin su Mpape da Durumi, kusa da wurin aiki amma kullum cikin zullumin rusau. Wanda kuma ya ƙare shekarunsa yana zuba albashi a hayar cikin gari, ranar da ya ajiye aiki sai ya tarar ba shi da ko bulo ɗaya. Ga kaɗaici: a wasu unguwannin manya sai ka shekara ba ka san sunan wanda katanga ta raba ku ba.

A bayan gari na ga abin da kuɗi ba ya saye. Na ga masinja ya sayi rabin fuloti, yana ajiye bulo kaɗan-kaɗan, har ya rufa ɗaki biyu ya shiga da iyalinsa. Kayan miya a Kasuwar Lemu ta Mararaba ba farashinsu ɗaya da na Wuse ba. Akwai masallacin unguwa inda ake cigiyarka idan ba a gan ka ba, akwai maƙwabtan da za su kai matarka asibiti kana ofis. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a can ne na ga ƙafar tana aiki. Abin baƙin cikin shi ne, mai gidan da ya gina wannan rufin asiri shi ne hanya ke hana wa jin daɗinsa.

Daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ya sake canzawa. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a Yulin 2024, amma wanda ke hawa acaɓa zuwa bakin titi, ya shiga bas, ya sauka ya sake shiga tasi, ya san inda kuɗin ke tafiya. Rarar da ake samu a hayar nesa, yanzu mai mota ne ke karɓe ta. Shi ya sa za ka ga babban ma'aikaci yana ɗaukar fasinja a motarsa don ya rage kuɗin mai, wasu kuma suna kwana a ofis ko masallaci daga Litinin zuwa Juma'a. Araha ba ta ado, in ji magabata.

Ga shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Kada ka biya kuɗin gida sai ka gwada hanyarsa da kanka. Dillali ranar Lahadi zai kai ka, lokacin da titi yake wayam. Kai ka koma ranar Litinin da asuba, in da hali da damina, ka bi hanyar har ƙofar ofis, sannan ka biyo ta da yamma. Kada yawan kilomita ya ruɗe ka. Tun da aka faɗaɗa titin Kubwa, sau da yawa wanda ya fito daga can yakan riga na Mararaba isa gari, ko da yake ya fi shi nisa. Abin dubawa shi ne mota nawa za ka canza, da kuma nisan gidan daga kwalta. Gida a bakin babbar hanya a gari mai nisa ya fi gida a can cikin lungu a gari na kusa.

Ka kuma duba matakin da kake a rayuwa. Saurayi marar iyali, ya haƙura da ƙaramin ɗaki kusa da aiki, ko ya haɗa kai da abokai biyu, ya yi amfani da awoyin da ya tsira da su wajen ƙarin karatu ko koyon sana'a, yana tara kuɗin fili. Mai yara ƙanana yana bukatar sarari, amma ya sa su a makarantar unguwa, kada ya riƙa jan su cikin gosulo tun da duhu. Mai sayen fili ya bincika takardu a hukuma kafin ya biya, domin fili marar takarda ya sa mutane da yawa kuka. Idan kuma zaman nesa ya zama dole, to ka tsare Asabar da Lahadi domin iyalinka kamar yadda kake tsare ranar aiki domin ofis.

Ina da magana ga hukuma. A 2006 an hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga. Tsabtace gari abu ne mai kyau, amma duk abin hawan da aka janye sai an kawo madadinsa da zai wadatar. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a 2024, yana zuwa Idu da filin jirgi da ɓangaren Kubwa, amma bai leƙa Nyanya da Mararaba ba, inda jama'a suka fi yawa. A kai musu jirgi da manyan bas masu hanyarsu ta daban, a kuma kai wasu ofisoshi garuruwan kewaye, domin aiki ya je inda mutane suke.

Ku kuma shugabannin ofis, ku tuna cewa direba da masinja da mai shara su ne ake so su riga kowa zuwa, kuma su ne suka fi kowa nisan gida. Kafin ka rubuta wa yaronka takardar tuhuma a kan makara, tambaye shi daga ina yake zuwa da ƙarfe nawa ya fito. Inda aiki zai yiwu daga gida, ko a sassauta lokacin shigowa, a yi hakan. Ku kuma 'ya'yana masu neman gida, ku haɗa haya da kuɗin mota da awoyin hanya a takarda ɗaya, ku zauna da matanku ku duba, sannan ku yanke shawara. Allah ya ba kowa matsuguni mai albarka, ya tsare mu a hanyoyinmu.