Wani Gidan Burodi a Ƙarƙashin Rumfunan Shangxiajiu

Titin Shangxiajiu da ke gundumar Liwan, a tsohon ɓangaren yammacin birnin Guangzhou, na masu tafiya a ƙasa ne. Tun farkon ƙarni na 20 aka gina benayen da ke gefensa da wata dabara: hawan sama ya zarto ya rufe hanyar ƙafa, ginshiƙai na riƙe da shi, ta yadda ko ruwa ake tsugawa mutum zai yi doguwar tafiya bai jiƙe ba. A yankin nan gidan Lianxiang Lou yake, wanda aka kafa a 1889, ya kuma yi suna wajen kek mai niƙaƙƙun 'ya'yan bado a ciki. Sunan irin waɗannan tsofaffin gidaje ke jawo baƙi, ƙananan gidajen burodi kuma suna samun nasu rabon daga cunkoson. Ɗaya daga cikin ƙananan muka shiga, ni da wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da ya zo saro yadi.

Shagon akwai kyan gani. Fitilu masu ruwan ɗorawa na haska akwatunan gilashi, burodi kuwa sai sheƙi yake saboda ƙwan da aka shafa masa. A bakin ƙofa za ka ɗauki tire da ɗan awartakin roba, ka zaɓa da kanka. Ga burodin abarba, wanda babu abarba ko ƙwaya a cikinsa, zanen ɓawonsa ne ya ba shi sunan. Ga mai jan wake da sukari, ga mai kwakwa, ga 'yan ƙoƙunan fulawa cike da haɗin ƙwai da madara, abin da mutanen Guangzhou da Hong Kong ke ji da shi. Can gefe kuma wani ne da aka barbaɗa wa dambun nama. Dambun na alade ne.

A nan damuwar Musulmi take. A gashin gargajiyar wannan yanki, da kitsen alade ake kwaɓa fulawar da ake so ta yi ɓawo mai rugurguzawa, kuma ido ba ya ganewa. Saboda haka na rubuta tambayata a waya, ta fassara zuwa Sinanci, na miƙa wa matashiyar da ke kan kanta: wanne ne babu kitsen alade? Ta kalli wayar da gefen ido, ta kaɗa hannu, ta koma kan tata. Na sake miƙawa. Wannan karon ta yi wata magana da ƙarfi, ta yafito mutumin da ke bayana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ban roƙi ragi ba, ban nemi alfarma ba, abin da zan sa a cikina kawai nake son sani, kuma nuni da yatsa ya isa amsa. Wata ɗaliba da ta zo sayen nata ce ta ga halin da muke ciki, ta riƙa ɗaga waɗanda ke cikin leda tana karanta mana kayan haɗinsu, har muka ware biyu da aka yi da man tsirrai.

Wajen biyan kuɗi ma sai da aka ja. Kowa waya yake haskawa ta WeChat ko Alipay, ni kuma takardar yuwan 100 ke hannuna. Babban bankin ƙasar Sin ya hana 'yan kasuwa ƙin karɓar tsabar kuɗi, don haka ta karɓa, amma da tsaki, ta watsa canjin a kan kanta.

Da abincin ya yi daɗi, wataƙila da zuciya ta ɗan yi sanyi. Burodin abarba na kirki yana son ɗumi, ɓawonsa na ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi kamar auduga. Namu ya kwana. Ɓawon ya saki ya manne wa leda, cikin ya bushe, man kuma ya bar maiƙo a dasashi. Mai jan waken sai da na ci rabi kafin na tarar da waken, ɗan cokali guda a tsakiya, zaƙi ya kashe ɗanɗanonsa. Ban ga murhu ko mai kwaɓi a shagon ba; manyan kwandunan roba da aka jibge a bayan kanta sun nuna daga wani wuri ake kawo kayan.

Alhaji ko taɓawa bai yi ba. "Malam, tashi mu koma Xiaobei," in ji shi, "ni cikina ba ya karɓar abin da ake kokwanto."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. A Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka saba sauka, Musulman Sin 'yan ƙabilar Hui na da shagunan taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka. Mai shagon da muka zauna ba ya jin Turanci, balle Hausa. Da sallama ya tarbe mu, ya nuna mana hotunan abinci a bango ɗaya bayan ɗaya, ya jira har muka zaɓa, sannan ya kawo romon naman sa yana tururi, ya ƙara wa Alhaji barkono da ya ga yana neman ƙari.