Kogon ƙanƙara a gindin dutsen wuta

Ƴan uwa mata, da aka gayyace mu taro Amurka, an kai mu ganin dutsen Bandera a jihar Niw Meksiko. Wajen shekara 10,000 ke nan da ya yi aman wuta. Bakinsa wawakeken rami ne, duwatsun baƙi ƙirin kamar gawayi.

Daga nan muka bi matakala muka gangara wani kogo. Kai, sanyi! Ƙanƙara ce kore-kore a kwance, kaurinta wajen mita 6, ba firijo, ba kuran. Iska mai sanyi ke sauka ta maƙale ciki, ko da bazara. Mutanen da suna ɗiba, yanzu sai kallo, shi ma da kuɗi.

Muka yi shiru, muna tuna ƙanƙarar asusunmu da ta narke azumin bara.